Ganyen Bayan Kududdufi

Yara biyar aka kwasa zuwa asibiti daga lungu ɗaya a Koki, duk bayan sun ci kwaɗon tafasar Tani. Da kyar 'yan sanda suka ƙwace ta daga hannun matasan unguwa. Insfekta Mikail ya same ta a bayan kanta, mura ta toshe mata hanci.

"Shekara goma sha ɗaya ina kwaɗon nan, ranka ya daɗe. Ganyen ma Ado ke kawo mini daga ƙauye."

Aka kawo Ado yana murmushi.

"Daga gonar kawuna, yallaɓai. Duba mana. Tafasa ce ko ba tafasa ba?"

Mikail ya duba. Tafasa ce, har da furenta rawaya. Sai dai silifas ɗin Ado duk baƙin taɓo ne, alhali an kwana goma ba a yi ruwa ba.

Ya ɗauki ragowar ganyen ya kai Shahuci, wajen Iya Luba mai sayar da saiwoyi. Ko kallo ba ta yi ba. Ta murza, ta kai hanci, ta tofar.

"Tir! Ɗan nan, iri biyu ce, ido ba ya raba su. Ta ci ba ta wari. Wannan mai ɗoyin kuwa, wuri ɗaya na san tana fitowa a nan cikin gari: bayan kududdufin da masu kwasar masai ke juyewa."

Mikail ya je. Ƙudaje, baƙin ruwa, ga ganye kore shar, duk an yanke kansa da lauje. Sai da ya yi amai kafin ya hau mota.

A ofis ya tura wa Ado kwanon kwaɗon da aka riƙe shaida.

"Tunda na gonar kawunka ne, bisimilla."

"Na ƙoshi, yallaɓai."

"Loma ɗaya."

Ado ya kalli kwanon.

"Tafiyar ƙauyen ce ta ishe ni. Da na ga Tani tana mura, na san ba za ta ji warin ba." Ya sunkuyar da kai. "Ruwan wurin nake yayyafawa kada ya yi yaushi."

"Kofur, kai shi bayan kanta. A buɗe wa Tani."

Tani ta fito tana gyara mayafi. Ko kallon Ado ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, wane asibiti aka kai yaran?"