Ragowar Yumɓun Ƙasimu

Ranar da Muntasir ya fara ganin Radiya, yatsanta ya fara gani kafin fuskarta. Tana tsugune a ƙofar gidansu a unguwar Kwarbai, tana bin randunan da aka jera tana ƙwanƙwasawa. Wadda ta amsa da murya garau sai ta bar ta, wadda ta yi dum kamar an bugi kabewa sai ta ture ta gefe.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan Delu mai randa?"

"Nan ne. Sayayya ko kallo?"

"Tambaya. Zanen nan na kafaɗar randa, mene ne?"

Ta ɗago ta dube shi, fes da shi, har da agogo. "Ka taɓa fita bayan gari ka kalli Kufena? To shi ne. Inna a gindin dutsen aka haife ta, kowace randa sai ta zana mata shi."

Ya gaya mata shi ma maginin tukwane ne. Ya karanta tangaran a jami'a, yana da ɗan shago a unguwarsu Limancin Kona inda yake yin kofuna da farantai yana gasawa a murhun gas. Ta yi dariya ta ce, "Ashe Malam Tangaran ne." Sunan da ya bi shi ke nan, kuma bai taɓa neman a sauya ba.

Washegari ya dawo da wata tambayar, jibi ma haka. Kafin wata guda tambayoyi sun ƙare, zuwa bai ƙare ba.

"'Yar Kufena," ya rubuta mata wata safiya, "yau na ƙwanƙwasa zuciyata, sunanki kawai take amsawa."

Ta mayar masa: "Malam Tangaran, a sake ƙwanƙwasawa da kyau. Ni ba na sayen mai tsaga."

Sai dai gidan Delu gida ne da baƙin ciki ya daɗe da shimfiɗa tabarma. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, mijinta Ƙasimu yana haƙar yumɓu a rami kusa da ƙauyensu, hadari ya taso. Maimakon ya sare ƙasar daga sama, sai ya kutsa ƙarƙashi don ya cika buhu ɗaya kafin ruwa ya sauko. Ramin ya rufta da shi. Delu ta ɗauki 'yarta ta shigo birni, ta ci gaba da gini, tana gashi a bayan ganuwa har hayaƙi ya cinye mata ƙirji. Da randa ta kai Radiya karatu har jami'a, reshen Kongo da ke nan garin, kuma ta kafa mata doka ɗaya: ta ƙwanƙwasa, ta sayar, amma kada hannunta ya taɓa ɗanyen yumɓu.

Don haka da maganar Muntasir ta iso kunnenta, ko gyara zama ba ta yi ba.

"Magini? Na ba rami miji, ba zan ba shi suruki ba. Ga Suhail nan yana neman ta, ma'aikaci, hannunsa tas."

A Limancin Kona ma ba a yi guɗa ba. Malam Labaran, mahaifin Muntasir, malami ne da ake karatu a zaurensa tun zamanin kakansa. Ya rufe littafi ya ce, "Na haƙura kana wasa da taɓo. Yanzu kuma gidan taɓon za ka ɗauko mini gaba ɗaya?"

Ana cikin haka bazara ta shigo da zafinta, tarin Delu ya kwantar da ita. A asibiti aka ce huhu ne, aka sallamo ta da magani da 'yan kalmomin da kowa ya gane ma'anarsu. Ba ta iya cin abin kirki, ruwa kawai take nema, shi ma sai na tsohuwar randar da ke ɗakinta, wadda ta gina shekarar aurenta. A makon nan ne randar ta tsage daga wuya har gindi.

Suhail ya aiko da firji. Ranar da aka samu wuta Delu ta kurɓi ruwan, ya soke ta a ƙirji, ta ce a fitar mata da akwatin nan.

Muntasir ya ga dama ta samu. Ya ɗauko randar da ya fi alfahari da ita a shago, wadda ya shafe ciki da waje da ruwan gilashi irin na tangaran, kore shar, tana ɗaukar ido. Ya kawo, aka cika ta, ta wuni ta kwana. Da hantsi Radiya ta ɗebo ta ba uwarta. Delu ta kurɓa ta furzar.

"Kira mini shi."

Ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Shafa jikinta," in ji Delu. "Ka ji laima?"

"A'a, Inna. A bushe take."

"To da me za ta yi sanyi? Randa gumi take yi, iska ta sha gumin, ruwa ya huce. Kai ka bi ka toshe mata kowace ƙofa don ta yi kyau." Tari ya sarƙe ta, sai da ta daɗe kafin ta ƙarasa. "Ni na san yadda ake ji in an toshe wa abu numfashi. Ɗauki abarka."

Abin takaicin, Muntasir ya san wannan, ya ma rubuta shi a jarrabawa. Son burge suruka ne ya rufe masa ido. Ya fita da randar a kafaɗa, kunya kamar ta kashe shi.

Kwana uku bai zo ba. A na huɗu ya dawo ba agogo, da tsohuwar riga, ya ce ba zance ya zo ba, koyo ya zo. Delu ta ce wa Radiya ta janyo buhun da ke bayan gado.

Buhun da aka tono tare da Ƙasimu ne. Yumɓun ya bushe kamar dutse, yana ƙyalli da ɗan walƙiyar nan ta ƙasar Kufena. Shekara goma sha huɗu ba ta iya taɓa shi ba.

"Randa ɗaya zai yi, ba ƙari," ta ce. "Ka gina, ta kwana goma sha biyu a inuwa, a gasa ta da kara da ciyawa. In ta fito da rai, na ba ka Radiya. In ta fashe, ka yi mana sallama. Ka yarda?"

"Na yarda, Inna."

"Kwana goma sha biyu na ce. Ko sama da ƙasa za su haɗe."

Aka jiƙa yumɓun, ya daka tsingaro ya gauraya, ya taka da ƙafa a tsakar gida, ya fara gina randar, Delu na kishingiɗe tana yi masa faɗa. Ya yi kauri. Ya karkace. Wai wannan hannun ne ya yi digiri? Da aka zo wuya, hannunsa ya ƙi shiga ya daidaita ciki. Delu ta dubi 'yarta.

"Ke, sa hannu."

"Inna, kin ce..."

"Na san abin da na ce. Kin zaci ban san kina gini a ɓoye tun kina 'yar shekara tara ba?"

Radiya ta zura hannu ciki tana hawaye, nasa na waje yana tallafe, bangon randar a tsakaninsu. Da aka gama suka matso da ita gaban tabarma, Delu ta ja Kufena a kafaɗarta da yatsanta. Dutsen ya fito a karkace, babu wanda ya gyara.

Aka kai randar ɗakin baya aka lulluɓe da tsumma. Kullum Muntasir sai ya zo ya juya ta, ya gaida Inna, ya tafi.

A kwana na bakwai Delu ta daina tashi zaune. Leɓɓanta suka bushe, ana ɗiga mata ruwan tulu tana kawar da kai, don ba shi take so ba. Radiya ta tare Muntasir a zaure.

"Ka ɗauke ta ka kai murhunka. Yau ka gasa, gobe ta sha."

"Gindin bai bushe ba, Radiya. Taɓa ki ji sanyinsa. Wuta na shiga za ta tarwatse."

"Ƙila ba za ta tarwatse ba! Inna ba za ta kai kwana biyar ba, kai ma kana gani."

"Na yi mata alkawari."

"Alkawari ko tsoro? Tsoro kake kada ta fashe ka rasa aure. Uwata na mutuwa da ƙishirwa, kai kana lissafin kanka!"

Maganar ta dake shi, don shi kansa bai tabbata ƙarya ba ce. Ya je har ɗakin baya, ya sa hannu biyu ya ɗaga randar. Ya tsaya da ita a ƙirji. Sannan ya mayar da ita inda take, ya lulluɓe.

Da yamma ya aiko saƙo: "Radiyata, wallahi da jinina zai busar da ita da na zuba. Ki yi fushi da ni, na ɗauka. Amma abin da ya saura na Babanki ke nan, ba zan jefa shi a wuta da gaggawa ba."

Ta karanta, ba ta amsa ba.

Delu ta cika a kwana na tara, bayan azahar, ba ta sha ruwan randar ba.

Malam Labaran ya zo jana'iza, don ɗansa ya roƙe shi. A maƙabarta, da aka nemi tukwanen rufe kabari kamar yadda aka saba, Muntasir ya kawo tsohuwar randar Delu mai tsaga, ya raba ta biyu da hannunsa, aka kifa a kanta. Malam ya ga yadda ɗansa ke kuka. A hanyar dawowa ya sa ya ba shi labarin tun daga farko, ya saurara bai katse shi ba.

Radiya kuwa ta ƙi ko kallonsa. Yana zuwa zaman makoki, ya wuce ɗakin baya ya juya randa, ya fita. Ranar uku, bayan an shafa addu'a, Hassana, ƙanwar Delu da ta yi jinyarta, ta ja Radiya gefe.

"Ranar da kuka yi rigima a zaure ta ji ku, ai ba nisa. Ta ce in leƙa ɗakin baya. Na dawo na ce randa na nan. Ta sa na sake leƙawa washegari, na ce tana nan. Sai ta yi murmushi ta ce, 'Wannan ba zai kutsa ƙarƙashin rami ba.' Ta ce kada in gaya miki sai kwanakin sun cika."

Radiya ta kifa kai a cinyar Hassana ta yi kukan da ta kasa yi tun ranar rasuwa. Da ta samu kanta ta ɗauki waya: "Malam Tangaran, yau goma sha biyu. Ka yafe mini. Ka zo da kara, ni zan kawo ciyawa."

Bayan la'asar suka gasa ta a bayan ganuwa, a wurin da ƙasa ta yi baƙi saboda wutar Delu. Duk ƙarar da kara ya yi sai Radiya ta matso ta leƙa wutar. Hadari ya haɗo daga gabas ya tsaya, bai zuba ba.

Da safe suka zo tonon toka, suka tarar Malam Labaran ya riga su, yana tsaye da sandarsa.

"Aure ba a rataye shi a wuyan tukunya," ya ce. "Ko ta fashe zan je in nema maka. Amma baiwar Allah ta yi magana, bari mu ji."

Muntasir ya share tokar. Randar ta fito ja, da baƙin tabo a gefe ɗaya inda wuta ta lasa, Kufena a karkace a kafaɗarta. Ya kasa taɓa ta.

"Ke ce mai kunne," ya ce.

Radiya ta tsuguna, ta lanƙwasa yatsa, ta ƙwanƙwasa. Randar ta amsa garau, muryar ta daɗe kafin ta ɗauke.

Bayan arba'in aka ɗaura aure a Kwarbai, ba kiɗa, ba taron a zo a gani. Cikin kayan amarya randar ce ta fara shiga Limancin Kona, Hassana ta ɗauko ta a ka, ta ƙi yarda a sa a mota. Aka girke ta a kan yashi a inuwar ɗaki, aka cika.

Washegari Malam Labaran ya shigo sa albarka. Radiya ta durƙusa ta miƙa masa moɗa. Ya yi bisimilla ya sha, ya ɗan tsaya, ya shanye.

"Allah ya jiƙan Delu da Ƙasimu, ya shayar da su abin da ya fi wannan sanyi. Ku kuma Allah ya ba ku haƙuri da juna, ya albarkaci hannuwanku duka biyu."

Suka ce amin. Da ya fita, Radiya ta kai tafin hannu jikin randar, ta ji laima. Ta kamo hannun mijinta ta ɗora kusa da nata.

"Ka ji?" ta ce. "Tana gumi. Da Inna ta sha."

"Sha mata, 'Yar Kufena."

Ya ɗebo ya kai mata baki, ta sha tana kuka, ya riƙe moɗar har ta ƙoshi.