Kwalbar Tsohuwar Burgundi

"Ta wane ne wannan?"

Masawudu ne ya yi tambayar, yana tsaye a wurin ajiye motoci na flat ɗinsu da ke unguwar Plumstead a Landan, ya ɗaga wata koriyar kwalba sama. Ƙanwarsa Fadilatu na saukowa daga bene da farantin lemo ta hango ta, nan take ta gane ta.

Saura sati uku ɗaurin aurenta da Baha'uddeen. A kan kekensa ya zo da la'asar ɗin nan ya kawo katunan biki, ya ce wa Masawudu ya ɗauko su a jakar da ke rataye a bayan keken. Katunan na sama. Amma Masawudu hannunsa ba ya tsayawa inda aka aike shi, sai da ya tono har ƙasa, ya zaro kwalbar giya a naɗe cikin rigar tsere.

"Da kai nake magana, ɗan Kano. Ta wane ne?"

Baha'uddeen ya dubi Fadilatu sau ɗaya, ya sunkuyar da kai.

"Tawa ce, Yaya," in ji shi.

Ba tasa ba ce, kuma ita ta fi kowa sani.

Kwana goma da suka wuce ta ce wa gida an tura ta course a Birmingham daga wurin aiki. Ƙarya ce. Ƙungiyarsu ta masu hawan keke ta bi zuwa Faransa, mata da masaukinsu, maza da nasu, Baha'uddeen na cikinsu. Kwana biyar suna tuƙi a ƙananan hanyoyin yankin Burgundi, gonakin inabi hagu da dama, sai ka yi awa guda ba ka haɗu da mota ba. Tunda take a duniya ba ta taɓa jin numfashinta ya sake haka ba. Babu mai cewa 'yar wane ce wannan a kan keke.

A rana ta huɗu a wata gangara tsakuwa ta kwashe tayarta, ta faɗi ta ɗaye gwiwa. Wata tsohuwa ta fito daga gidan dutse ta ja ta ciki, ta wanke ciwon, ta ɗaure da tsumma mai tsabta, tana ta surutu da Faransanci ba wanda ke ganewa. Da za su tafi ta ɗauko kwalbar nan, ta nuna hoton wani tsoho a bango, ta nuna gonar, idonta ya kawo ruwa. Daga nunin suka gane giyar girbin inabin ƙarshe na mijinta ce kafin ya rasu.

To, yarinyar da aka raina a kan ba a mayar wa babba hannunsa, me za ta yi? Kafin ta yi tunani ta riga ta rusuna ta karɓa da hannu biyu, har da godiya. A hanya Baha'uddeen ya ce ta zubar a gefen titi.

"Ba zan iya ba, masoyi... ka ga fuskarta kuwa? Ka ɓoye min a jakarka, in mun koma na san yadda zan yi da ita."

Ya ɓoye. Suka dawo, hidimar biki ta sha kansu, kowa ya manta.

"Taka ce," Masawudu ya maimaita a hankali. "Ka zo gidanmu da giya, kana neman 'yar ladan."

"Ba na sha, wallahi. Kyauta ce aka ba ni."

Mari ya katse shi. Kafin ya ɗago, kwalbar ta sauka a gefen kansa ta tarwatse, jan ruwa ya wanke masa farar riga, ba ka bambance giyar da jinin. Farantin ya suɓuce daga hannun Fadilatu.

"Yaya, don Allah..."

"Koma sama!"

Ba ta koma ba, ba ta kuma ƙara taku ba. Maganar na nan a bakinta, kalma biyu kacal. Amma in ta ce tata ce, sai a tambayi inda ta samo, daga nan sai Faransa, sai kwana biyar a ƙasar waje tare da namiji ba muharrami, sai fuskar Baba a masallaci. Ta ce a ranta yanzu zai huce, ai mari ne da ɗan duka.

Masawudu direban bas ne, ƙato, kuma in ransa ya ɓaci ba ya jin kira. Ya shaƙo wuyan Baha'uddeen ya haɗa shi da bango, ya sa masa gwiwa a ciki. Baha'uddeen ya durƙushe yana tari. Ko hannu bai ɗaga ba, don a ganinsa ba a rama dukan yayan matar da za ka aura.

"Ka ce ba ka sha? To me kake yi da ita? Ado?"

Ya fizgo makullin keken, irin lanƙwasasshen ƙarfen nan mai nauyi. Na farko a kafaɗa. Na biyu a haƙarƙari. Tagogi suka fara buɗewa, wata mata a hawa na uku tana ihun ta kira 'yan sanda. Baha'uddeen ya juyo da kai yana neman Fadilatu da ido ɗaya, ɗayan ya riga ya rufe. Kallonta kawai yake.

Ta kawar da kai. Wannan kam ba mai wanke ta, ta gan shi sarai ta kawar da kai.

Na uku ya sauka a gwiwarsa ta dama. Ƙarar da ƙashin ya yi kamar an karya busasshen ice, sai a lokacin ya yi ƙara. Daidai nan Baba ya fito da gudu ba takalmi, carbi a hannu.

"Masawudu, ka haukace ne?"

"Mashayi ne, Baba. Ga shaida a ƙasa."

"Tawa ce!" Fadilatu ta faɗa kan Baha'uddeen ta rufe shi da jikinta. "Tawa ce, Baba... ni aka ba. Ban je Birmingham ba, Faransa na je. Ni na roƙe shi ya ɓoye min, ya ce in zubar na ƙi."

Ƙarfen ya faɗi daga hannun Masawudu. Baba ya dube ta, ya dubi yaron da ke kwance cikin fasassun kwalba, ya zauna daɓas a kan dakalin bene ya riƙe kai. Motar 'yan sanda ce ta fara isowa, ambulance na biye.

Sai bayan kwana uku aka bar ta ta ga Baha'uddeen, a wani asibiti a Whitechapel. An yi masa aiki sau biyu. Likita ya ce zai taka, amma da sanda na tsawon lokaci, keke kuwa kada ya sa rai. Masawudu na tsare. A gida mahaifiyarta kuka, Baba kuma tun ranar bai ce mata uffan ba, sai dai da safen nan ya aiko a faɗa mata cewa in yaron har yanzu yana so, shi bai janye ba. Da wannan albishir ta zo, tana riƙe da shi kamar ƙwai.

Ta ja kujera kusa da gadon. Kansa a naɗe, ƙafar a rataye cikin ƙarafa.

"Masoyi..."

"Sannu, Fadilatu."

Bai taɓa kiran sunanta haka gatsau ba. Ta daure.

"Baba ya ce bai fasa ba. Ya ce in kana so, ko a nan asibiti sai a ɗaura. Zan kula da kai, wallahi, zan ajiye aiki, ni zan zama ƙafarka..."

"Na yafe wa Masawudu," ya ce, muryarsa a dashe. "Na faɗa wa 'yan sanda ma, ko zai yi amfani ko ba zai yi ba. Shi abin da ya gani ya daka."

"Ni fa?"

Ya mayar da idonsa kan silin.

"Da na ce tawa ce, don ki samu minti ɗaya ne ki tattara hankalinki. Na ɗauka kafin ya ɗaga hannu na biyu za ki yi magana."

"Tsoro ne ya kama ni, ka san Baba..."

"Na sani. Ni ma tsoron nake ji, Fadilatu. Na ɗauka mutuwa zan yi a wurin, na neme ki, kika juya fuska."

Ta kama hannunsa tana kuka, tana cewa ya zage ta, ya mare ta in yana so, kada dai ya yi mata haka. Bai fizge hannun ba, bai kuma riƙe nata ba.

"Ina sonki har yanzu, shi ne abin da ya fi ƙafar ciwo. Amma duk na rufe ido juyawar nan nake gani. In na aure ki, kullum ita zan riƙa gani a fuskarki, kuma zan cutar da ke da ita. Kawuna zai je wurin Baba gobe ya janye maganar auren."

"Baha, don girman Allah..."

"Ki je gida."

Ya danna ƙararrawar da ke gefen gadon. Wata nas ta leƙo da murmushinta, ta tambaya ko yana buƙatar wani abu. Ya ce mata da Turanci baƙuwarsa za ta tafi, a taimaka a nuna mata hanya.