Rabin Darasin Iskar Rana

Akwai wata yarinya a unguwar Yakasai, cikin birnin Kano. Tana aji shida na firamare. Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai dai tana da hali guda. Ba ta iya jira a gama magana. Da ta ji farko, sai ta ce ai ta gane ƙarshe.

Mahaifiyarta, wadda suke kira Umma, 'yar asalin Barno ce. Sana'arta haɗa turaren wuta, tana kaiwa Kasuwar Kurmi. Yarinyar tana da ƙane ɗaya mai suna Nazeer, ɗan shekara huɗu. Duk inda ta sa ƙafa yana biye da ita, yana kiran, "Yaya! Yaya!"

Wata rana a farkon damina, Malama Aminat mai koyar da kimiyya ta shigo ajinsu. Ta zana ƙatuwar rana a jikin allo.

Ta ce, "Yau za mu yi maganar wata iska da ba ta kaɗa ganye. Wa ya san rana tana da iska?"

Yara suka yi dariya.

Malama ta ce, "Da gaske nake. Ba haske da zafi kaɗai rana take aikowa ba. Tana feso wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Suna gudu fiye da kowane jirgi. Su ake kira iskar rana."

Sai ta zana wata ƙaramar duniya a gefe.

"Wannan ita ce duniyar Mars, maƙwabciyarmu. Masana sun ce a da can tana da iska mai kauri, har da ruwa mai gudu. Iskar rana ta yi ta bugun ta, tana kwashe iskarta ta sama. Yau mutum ba zai iya numfashi a can ba."



Malama ta ci gaba, "Jiya ma na ji a rediyo an ce iskar rana mai ƙarfi za ta iso duniyarmu cikin makon nan."

Daidai lokacin yarinyar ta leƙa ta taga. Ta hango mai sayar da ƙanƙarar zoɓo a bakin makaranta tana shirin tafiya. Ga zafi, ga ƙishirwa. Ta ce a ranta, "Ai na gane darasin." Sai ta ɗaga hannu.

"Malama, zan zagaya."

Malama ta ce, "Je ki, ki dawo da wuri."

Ba bayan gida ta nufa ba. Ta sayi ƙanƙararta, ta laɓe a bayan aji tana tsotsa. Tana cikin sha, sai maganar Malama ta dawo mata. Iskar rana ta kwashe iskar Mars. Iskar rana tana zuwa nan. Nan take ƙanƙarar ta daina yi mata daɗi.

Kafin ta koma, an buga ƙararrawar tashi. A kan allo ta ga an zana duniya, an kewaye ta da wasu layuka lanƙwasassu. Ta so ta tambaya. Amma harshenta ya yi jawur da zoɓo. Idan ta buɗe baki, Malama za ta gane inda ta je. Sai ta ɗauki jakarta ta fita shiru.

Da ta isa gida, ta tarar Umma ta sa mayafi, ta ɗauki kwandon turare.

"Umma, Malama ta ce iskar rana…"

"Bari sai na dawo, masu shago suna jirana. Ga abincinku nan a rufe. Na sa kasko a ɗaki, ina turara kaya. Ki bar ƙofa a buɗe, kin ji? Ki kula da ƙanenki."

Umma ta fita.

Bayan la'asar, sai gari ya sauya. Sama ta yi duhu ta gabas. Wata iska ta taso da ƙarfi. Kwanon rufin maƙwabta ya fara ƙara. Ledoji suka tashi sama suna juyi. Bokitin roba ya gangara tsakar gida shi kaɗai.

Hadari ne kawai irin na kowace shekara. Amma yarinyar ba ta ga hadari ba.

Ta ce, "Ta iso!"

Ta fizgi hannun Nazeer, suka faɗa ɗakin Umma. Ta rufe ƙofa, ta sa sakata. Ta rufe taga. Ta kwaso tsummoki ta cusa a ƙarƙashin ƙofa, ta toshe kowace kafa ta jikin taga. Har ramin mukulli sai da ta cusa masa auduga.

Nazeer ya ce, "Yaya, wasan ɓuya muke yi?"

"A'a. Iska nake ajiye mana. Ta waje za ta ƙare. Idan Umma da Abba sun dawo, sai mu sam musu tamu."

A kusurwar ɗaki kuwa, ƙaton kaskon Umma yana nan cike da garwashi. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Suka zauna a kan tabarma. Ɗaki ya yi zafi. Can sai Nazeer ya dafe goshi.

"Yaya, kaina yana ciwo."

"Yi haƙuri, zai daina."

"Yaya, ki buɗe ƙofa."

"Ba za a buɗe ba! So kake tamu ma ta gudu?"

Nazeer ya yi ɗan kuka, sannan ya kwanta a cinyarta ya yi lamo. Ita ma ta ji kanta yana juyawa. Zuciyarta tana tashi. Ta ce a ranta, "Lallai iskar duniya ta fara ƙarewa." Sai ta ƙara danna tsumman ƙofa da ƙafa.

Allah ya taimaka, maƙwabciyarsu Inna Tani ta tuna Umma ta bar shanya a igiya. Ta shigo don ta kwashe kafin ruwa ya sauko.

"Salamu alaikum! Ina yaran gidan nan?"

Shiru. Ta ga takalman yara biyu a bakin ɗaki. Ta ga bakin tsumma ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa. Ta buga da ƙarfi.

"Ke! Buɗe ƙofar nan!"

Wata 'yar murya ta fito daga ciki. "Inna, kada ki buɗe. Iska za ta fita."

"Ina Nazeer?"

"Ya yi barci. Na tashe shi, ya ƙi tashi."

Inna Tani ta ce, "Innalillahi!" Ta ja da baya, ta bangaji ƙofar da kafaɗa. Ta sake. A karo na uku sakata ta ɓalle. Zafi da hayaƙi suka bugi fuskarta. Ta sungumi Nazeer, ta jawo yarinyar da ɗaya hannun, ta fito da su tsakar gida.

Iska mai sanyi ta daki fuskar yarinyar. Ta ja numfashi. Ta sake ja. Ga iska nan ko'ina, har da ƙamshin ruwan sama. Babu abin da ya ƙare.

Amma Nazeer ya yi laushi a hannun Inna Tani, idonsa a lumshe.

Inna Tani ta fita lungu tana kiran taimako. Nan da nan aka tsayar da adaidaita sahu. Aka buga wa Umma da Abba waya, suka iske su a asibiti.

Nas ta sa wa Nazeer wata roba a hanci da baki, mai ba da iskar numfashi. Ita ma yarinyar aka sa mata. Tana kwance tana kallon gadon ƙanenta, hawaye na zuba ta gefen kunnenta. Ba ta daina addu'a ba.

Can sai ƙafar Nazeer ta motsa. Ya buɗe ido. Ya ture robar, ya ce, "Umma, yunwa nake ji."

Umma ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Abba ya ɗaga hannu sama yana ta "Alhamdulillahi." Inna Tani ta zauna daɓas a kan benci.

Likita ya ce, "Ku gode wa Allah, an kawo su da wuri. Garwashi yana cinye iskar ɗaki, yana fitar da wata iska mai guba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Kada a sake rufe ɗaki da garwashi a ciki."

Umma ta ce, "Ni ma da laifina, Likita. Ba zan ƙara barin kasko da yara ba." Sannan ta juya ga 'yarta. "Ke kuma, me ya sa kika toshe ɗaki?"

Yarinyar ta faɗi komai. Ba ta ɓoye ko zancen ƙanƙara ba.

Abba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Idan kin warware, tare za mu je makaranta. Da bakinki za ki gaya wa Malama."

Haka aka yi. Ta tsaya gaban Malama Aminat, kanta a sunkuye, ta ba da labari.

Malama ta ce, "Ƙaryar da kika yi mini, za ki share aji mako guda a kanta. Amma zo nan, 'yata. Akwai rabin darasinki a wurina."

Ta buɗe durowa ta fito da maganaɗisu. Ta ɗora farar takarda a kansa, ta barbaɗa garin ƙarfe. Nan take garin ya jeru, ya yi layuka lanƙwasassu.

Yarinyar ta zaro ido. "Irin waɗanda na gani a allo!"

"Su ne. Duniyarmu ma ƙaton maganaɗisu ce. Can cikin cikinta akwai narkakken ƙarfe yana motsi. Shi ke ba ta wannan ƙarfi. Ƙarfin ya kewaye ta, ya miƙa har can nesa cikin sararin samaniya, kamar garkuwa."

"Malama, ta yaya aka sani, tunda ba a ganin sa?"

Abba ya yi murmushi. Ya laluba aljihu ya fito da ɗan kamfas ɗinsa na neman alƙibla. Malama ta karɓa ta juya shi hagu, ta juya shi dama. Allurar ta ƙi sauya inda take kallo.

Malama ta ce, "Wa yake riƙe da allurar nan?"

Yarinyar ta yi tunani. "Maganaɗisun duniya?"

"Madalla. To, kin taɓa ganin ruwan sama yana gudu a lungunku ya tarar da dutse?"

"E, sai ya rabu biyu, ya bi ta gefe."

"Haka iskar rana take yi idan ta iso garkuwar nan. Yawancinta sai ta kauce ta wuce."

"To ita Mars fa?"

"Tata garkuwar ta mutu tun da daɗewa. Kuma ba ta kai duniyarmu girma ba, ba ta iya riƙe iskarta da ƙarfi. Duk da haka, ba a rana ɗaya iskar ta tafi ba. Sai da aka yi miliyoyin shekaru."

Yarinyar ta ce, "Ke nan wadda aka ce tana zuwa ba za ta yi mana komai ba?"

"Ta ma zo ta wuce, kina asibiti. Idan ta yi ƙarfi, takan girgiza iskar can sama, wadda ta fi hanyar jirage nisa. Sai maganar wasu rediyoyi ta riƙa yankewa, ko taswirar waya ta ɗan rikice. A ƙasashen can ƙarshen arewa da ƙarshen kudu kuma, kaɗan daga cikinta takan zubo ta haɗu da iskar sama. Sai sama ta yi haske kore da ja, gwanin kyau. Amma iskar da kike shaƙa a Yakasai tana nan daram."

Yarinyar ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ji ta yi kamar an ɗauke mata buhu daga ka.

Ta ce, "Malama, saura kaɗan na rasa ƙanena a kan abin da ban ji ƙarshensa ba."

Malama ta dafa kafaɗarta. "Da kin tambaye ni, da jan harshe kawai zan gani. Tambaya ba abin kunya ba ce."

Da ta koma gida, ta tarar da Nazeer a tsakar gida yana tsalle cikin ruwan da ya taru, Umma tana yi masa tsawa. Ta ajiye jaka ta rungume shi, da jiƙarsa da komai.

"Yaya, kin matse ni! Ba na iya numfashi!"

Ta sake shi da sauri. Shi kuwa ya ƙyalƙyale da dariya, ya ruga.

Yara, ku riƙe wannan. Idan ana koya muku abu, ku saurara har ƙarshe. Abin da ba ku gane ba, ku tambayi babba kafin ku yi aiki da shi. Kuma kada ku taɓa rufe ɗaki da garwashi a ciki.