Ba Wuƙa Ce Ta Taɓa Kan Sada Ba

Ni Barau na Farin Dutse, ni na fara gano maganar nan ta haihuwar fiɗa, tun kafin likitoci su shiga rediyo suna surutu. Ban taɓa zama a aji ba, amma na yi kiwon shanu, kuma Allah ya ba ni ido.

Zamanin ƙarin albashin Udoji ne, matata Kubra na da tsohon ciki, na biyu. Ɗanmu na fari, Sada, da fiɗa aka ciro shi a Birnin Kudu. An yaye shi da daɗewa, amma ko "Baba" bai iya cewa ba.

Inna, mahaifiyata, ta kira ni ɗakinta.

"Wannan karon a gida za ta haihu."

"Inna, likita ya ce..."

"Likita! Ba shi ya ba ka wancan ba? Ɗan da bai biyo hanya ba, kansa bai matsu ba, ina hankali zai zauna? Wuƙa ce ta taɓa shi!"

"Ba wuƙa ba ce, Inna, daɗewa ce. Ina daji da shanu kuka riƙe ta a ɗaki kwana da kwanaki kuna ɗura mata jiƙo. Na sha gani, maraƙin da ya maƙale a hanya, ko ya fito sai an nuna masa nono."

"Jikan nawa ne maraƙi? To, ka fita da ita daga gidan nan, ban yafe ba!"

Na samu Kubra a bayan rumbu tana sharar hawaye.

"Maigida, bar ni kawai... kada ka rasa albarkar Inna saboda ni."

"Sanyin idona, in ɗinkin cikinki ya ɓalle, wa zai ɗinke a garin nan? Ungozoma?"

"To fushin Inna fa?"

"Fushi ana ba da haƙuri. Ke in na rasa ki, wa zan roƙa?"

Ban jira naƙuda ba! Da rana tsaka, gari na kallo, na saɓa Sada a kafaɗa, na sa ta gaban motar gyaɗa. Muka sauka a Birnin Kudu, na shiga dako a kasuwa, ni da ban taɓa ɗaukar kayan wani ba. Da lokaci ya yi, aka yi fiɗar ba jinkiri. Mace! Kukanta har bakin titi. Watan azumi ne, shi ya sa muke kiranta Azumi.

Ranar suna sai ga Inna. Ba ta kalle ni ba. Ta shafa kan jaririyar, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta jawo Sada jikinta, ta fashe da kuka.

"Kubra... 'yar nan, ki yafe mini."

Kubra ta rungume ta. Ni kuwa na fita waje, wai hayaƙi ya shiga mini ido.

Wuƙa ɗaya ta ciro su biyun. Yau Azumi ce shugabar makaranta a Gwaram. Sada har yanzu maganarsa a hankali take, amma saniya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba.

Mai musu ya je Gwaram ya ja da Azumi, in ga ko zai kai la'asar. Wanda kuma bakinsa ke ƙaiƙayi a kan Sada, ya zo Farin Dutse ya faɗa a gabana. Na tsufa, amma sandata ba ta tsufa ba!