Tsagar Fuskar Radiyya

Radiyya, hotonki yana ɗakin Umma yanzu, a saman gadonta, kusa da agogon da marigayi Baba ya bari. Na san da za ki ji, dariya za ki yi ki ce, "Zainu, ka fara ƙarya ko?" Wallahi ba ƙarya ba ce. Bari in gaya miki yadda aka yi, tunda ke kaɗai ce ba kya gajiya da surutuna.

Bayan an yi sadakar arba'in ɗinki, ina tsugune a tsakar gidanmu na unguwar Yerimaram ina alwala, sai Umma ta fito da Ramlat a kafaɗa, 'yar da kika haifa kika tafi washegari. Ta tsaya a kaina.

"Kai, injin nan na ubangidanka, an ce yana goge abu a fuskar mutum?"

"Yana gogewa, Umma."

"To. Kano zan kai jaririyar nan dangi su gan ta, kuma na san za su ce ina hoton uwarta. Ka goge tsagar nan tas, ka ƙara mata haske, ka zuba furanni irin na amare. Na asalin kuma ka kawo mini har da fim ɗin, ni zan adana."

Na san irin adanawar. Murhu ne.

"Umma, shi kaɗai ne fa hotonta! Idan Ramlat ta girma ta ce a nuna mata uwarta..."

"Sai a nuna mata mai kyau! So kake gobe manema su zo su ce uwarta 'yar ƙauye ce mai fuska kamar kunyar gona? Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Na yi shiru. Ke kika koya mini wannan shirun.

Kin tuna yadda aka sha fama kafin aurenmu. Mu Kanawa ne masu sayar da atamfa, ke kuma 'yar manomi ce daga Danchuwa, da tsagar gadonku ta Ngizimawa layi-layi a kumatu. Umma ta ce ba ta da abin da za ta gaya wa 'yan'uwanta na Kano. Da aka ɗaura auren ma ba ta taɓa kama sunanki ba, sai "yarinyar nan". Ki dafa miyar kuka ta ce gishiri ya yi yawa, ki rage ta ce lami. Ni in fusata, ke ki kama hannuna ki ce, "Uwa ce, Zainu. Ka yi mini alkawari ba za ka taɓa ɗaga mata murya saboda ni ba." Na yi alkawari. Ban san wata rana alkawarin zai juyo ya nemi cin fuskarki ba.

Ni dai karatuna a aji uku na sakandaren Mamudo ya tsaya, amma Allah ya ba ni hannu. Tun da Oga Alphonsus ya kawo kwamfuta daga Legas a casa'in da takwas, ya ajiye ta a ƙuryar situdiyonsa na bakin tasha, ni ya damƙa wa. A sa hoto a sikana, na'urar da ke kwafe shi, ya fito a gilashin kwamfutar, in kewaye shi da wardi, in sa masa firem na zinariya, in zana tsuntsaye biyu a kusurwa. Dillalin shanu ya zo in ajiye masa bijimin da ya fi ɗaki girma. Direba ya zo in jingina shi da tirelar da ba tasa ba. Ke kuwa dariya kike mini. "Mutumin da bai taɓa wuce Damagum ba ka tsayar da shi a gaban Ka'aba? Zainu, ka ji tsoron Allah!"

Hoton naki da kyar na samu, ranar ƙaramar sallah, cikin mayafinki shuɗi. Ina cewa "kalle ni" kunya ta kama ki, kika sauke ido ƙasa daidai lokacin da na danna. Na ce a sake, kika ce, "A'a, ya isa. Kuma kada ka sa mini furanninka na ƙarya, a bar ni yadda Allah ya yi ni."

Shi ne na ɗauka na kai shago.

Ɗakin kwamfutar ba taga, labule baƙi ne a ƙofa, ko da rana tsaka sai hasken gilashin kawai. Na sa ki a sikana. Kika fara fitowa daga sama, a hankali, goshi, gira, sannan kumatu. Aikin ba wuya: a ɗebo launin fata daga inda ba tsaga a shafa a kan tsagar, kamar mai yaɓen ɗaki. Na fara da kuncin dama. Kowane layi na shafe sai in ji kamar ƙasa nake zuba miki a karo na biyu. Na gama kuncin ke nan aka ɗauke wuta, ɗakin ya yi baƙi ƙirin.

Da aka tayar da janareta na buɗe hoton. Tsagarki na nan cif, ko layi ɗaya bai ɓata ba.

Na kira Oga. Ya leƙo, ya yi tsaki, ya yi magana da Hausarsa ta kasuwa. "Zainu, kai ba ka yi sebin ba, ba ka ajiye aiki a inji ba! In wuta ya tafi, aiki ya tafi. Ba aljani a inji na!"

Na yarda. Washegari na sake, na shafe kumatu biyu, na yi sebin har sau biyu ina kallo. Ban iya kallon fuskar sosai ba, na kashe na fita. Da safe na kunna, sai ga ki da tsagarki, ido a ƙasa, kamar kina jiran in gama wautata.

Oga ya ce tsohon na buɗe, wai injin yana ajiye na farko a ƙasa kamar tabarma ƙarƙashin darduma. Na ce to ina sabon? Ya duba, ya duba, ya sosa ƙeya. "Wataƙila ka ajiye shi wani wuri. Ka je ka huta, Zainu, mutuwa yana taɓa kai."

Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma tun daga ranar, in na shiga ɗakin nan sai in ji ƙamshin turaren wutar da kike sa wa mayafinki. Sai in yi sallama kafin in ɗaga labule, kamar mai shiga ɗakin mutane.

Umma ta gaji da "gobe, gobe". Wata ranar Alhamis, hadari ya haɗu ta gabas gari ya yi duhu tun kafin la'asar, sai ga ta a kan acaɓa da Ramlat a goye. Matar da ba ta taɓa taka shagon nan ba!

"Sannu da zuwa, Mama," in ji Oga.

"Yauwa. Ina injin? Yau a gabana za a yi. Na ga alama son zuciya ne ya riƙe masa hannu."

Oga ya ba ta kujera ya koma bakin kanta. Muka rage mu uku a ɗakin, ko in ce mu huɗu. Na buɗe hoton. Umma ta ɗan ja baya da ta gan ki kin cika gilashi, sannan ta gyara zama.

"Bismilla. Goge."

Na goge. Layi bayan layi, tana nuna mini da yatsa. "Ga wani nan kusa da kunne. Kada ka bar ko burbushi."

Na gama.

"Ta yi duhu. Ƙara haske."

Na ƙara.

"Ƙara dai! Rowar haske kake?"

Na ƙara har launinki na wankan tarwaɗa ya koma fari-fari kamar toka.

"Kumatun nan sun faɗa, sai a ce ba ma ba ta abinci. Ba a iya cika su?"

"Ana iyawa, Umma."

"Cika su."

Na ja kumatun suka cika, suka yi sumul. Hawaye na zuba mini a kan hannu, ban share ba don kada ta gani.

"Wannan shuɗin mayafin na 'yan ƙauye ne. Mayar da shi fari, kuma furannin ma farare za ka jera, su kewaye fuskar."

Na mayar da mayafin fari. Na ɗebo fararen furanni na jera su daga goshi, ta gefen kunne, har ƙarƙashin haɓa. Na janye hannuna na ce, "An gama."

A waje iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Na juya na dubi Umma. Bakinta a buɗe, idanunta sun kafe a gilashin, leɓenta na motsi ba sauti. Ramlat da ke barci a bayanta ta farka ta tsala ihu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Umma ta miƙe tana tangaɗi. "Ita ce! Wayyo Allah, ita ce!"

Na ga zanin goyon yana kwancewa, na yi wuf na cafe Ramlat da hannu biyu na rungume ta.

"Umma, lafiya? Abin da kika ce ne na yi!"

"Gawarta ce wannan, Zainu! Gawarta ka ajiye mini!"

Radiyya, ke kin san abin da ban sani ba. Ranar da jijjiga ta kama ki bayan haihuwa, an tura ni Danchuwa ɗauko innarki, motarmu ta kafe a laka. Ko da muka iso an riga an yi miki sutura. Na kai hannu zan buɗe fuskarki, Umma ta riƙe ni ta ce, "Bar ta, ka riƙe wadda ka sani." A lokacin na ɗauka ƙiyayya ce ta bi ki har likkafani. Ashe ita ta yi miki wanka, ita da wata tsohuwa maƙwabciya.

Ta durƙusa a gaban teburin tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Fuskar ta kumbura, ta yi fari, ta yi sumul, ido a rufe, kamar haka, wallahi kamar haka! Ina wanke ta ina laluben tsagar da yatsana, ban samu ko ɗaya ba. Abin da na yi ta fata kullum, a ce babu ita, sai da mutuwa ta zo ta cika mini burina! Kafin ta cika ta kama hannuna ta ce, 'Umma, ga amanar jikarki, ki yafe mini in na taɓa ɓata miki.' Ni ce za ta roƙa gafara? Ni?"

Aka yi wata tsawa, hasken gilashin ya yi rawa.

"Mayar mata! Mayar wa Radiyya da fuskarta! Kada jikata ta tashi tana kallon gawa tana cewa uwa!"

Karo na farko ke nan da na ji sunanki a bakinta.

Fuskarki ta dawo. Fararen furannin suka tafi, mayafin ya koma shuɗi, launinki ya dawo, tsagarki ta fito layi-layi kamar gonar da aka yi wa huɗa bayan ruwan farko. Idon da ya yi kama da na matacce ya koma idon amaryar da kunya ta kama ranar sallah.

Umma ta sa tafin hannu a gilashin, a kan kuncinki, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ruwa ya sauko a waje.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce da ni. "Fitar mini da shi haka, babba. Ko ɗigon fure kada ka sa."

Da shi ta tafi Kano. Da ta dawo ƙanwarta ta biyo ta, ita ta ba ni labari. Wai wata gwaggonmu ta karɓi hoton ta taɓe baki ta ce wa Umma, "Au, Hajjo, mai tsaga ɗanki ya auro?" Umma ta fizge shi ta ce, "Mai tsaga, mai haƙuri, mai tarbiyyar da babu irinta a zuri'arku! Wanda bai so ganinta ba ya rufe ido!" Yanzu duk Juma'a sai ta aika wa innarki da goro da sabulu a Danchuwa. In Ramlat ta yi rigima, sai ta ɗaga ta saitin hoton ta ce, "Ga Ummanki can, yi mata dariya." Yarinyar kuwa sai ta miƙa yatsa, tsagar take fara taɓawa.

Haƙurinki ya biya, Radiyya, ko da yake ba ki tsaya kin karɓa da hannunki ba. Ni abin da na koya, halittar Allah ba ta bukatar gyaran ɗan Adam, kuma wanda ya raina mutum saboda asalinsa, ranar da zai gane darajarsa wataƙila ƙasa ta riga ta rufe. Iyaye su ji tsoron Allah a kan matan 'ya'yansu tun suna da rai, don hoto ba ya jin "yafe mini".

Saura abu ɗaya. Na san matacce ba ya dawowa, na ji malamai sun faɗa, kuma na yi imani. Na san akwai inda ake dannawa aiki ya koma baya, ni ma kullum ina dannawa. Oga zai ce tsawa ce ta girgiza injin, ko gwiwar Umma ta bugi tebur. Amma Radiyya, lokacin da Umma ta ce a mayar miki da fuskarki, Ramlat tana ƙirjina, hannuna biyu suna riƙe da ita. Ban taɓa komai ba. Umma tana ta sa mini albarka a kan aikin da ba ni na yi ba.

Har yau ban gaya wa kowa ba. Ke ce ta farko.