Wayar Burkin Nas

Rana ba ta gama ɗagawa ba aka bugo waya caji ofis, aka ce wata mata ta faɗi da babur a gangaren gada. Sufeto ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗauki hula, ya kira Saje.

Ko da suka isa, an riga an tafi da matar asibiti. Babur ɗin ne ya rage, ɗan ƙarami, irin mai burki biyu a hannu, yana kwance a bakin kwalbati kamar akuyar da ta gaji. Madubinsa ɗaya bai fashe ba. Yana kallon sama, gajimare na wucewa a cikinsa a hankali. Takalminta ƙafa ɗaya yana tsakiyar titi, motoci na ta kauce masa kamar mutum.

"Nas ce, a asibiti take aiki," in ji wata mai sayar da lemo a bakin gadar. "Kowa ya san ta, ita kaɗai ce mace mai babur a hanyar nan. Na hango ta tana matsa burki, tana matsawa, babur bai saurare ta ba. Ko ihu ba ta yi ba, Yallaɓai."

"Tana da abokin faɗa?"

"Ka tambayi Dogo, shugaban masu haya da babur. Ni lemo nake sayarwa."

Sufeto ya durƙusa ya bi wayar burkin gaba da yatsa. An yanke baƙar robar da ke lulluɓe da ita. Zaren ƙarfen da ke ciki kuwa kamar an tattauna su: wasu sun yanku, sauran kuma da kansu suka tsinke. Daidai wurin akwai wani ɗan layi shuɗi, siriri, miƙaƙƙe. Ya shafa shi, ya taso a yatsarsa kamar gari.

"Ɓera ne?" in ji Saje.

"Ɓeran da ke ja layi kafin ya ci?"

A asibiti likita ya tare su a baranda. Ya ce Nas tana raye, amma ƙashin bayanta ya taɓu, kuma ba ta farfaɗo ba tukuna. Da Sufeto ya tambayi batun ƙafafunta, likitan ya dubi ƙasa, ya ce a dai yi addu'a.

Daga nan suka wuce garejin bakaniken da ke mata gyara. Suka same shi a ƙarƙashin wata tsohuwar rumfa, yana wanke notuna a cikin gwangwanin fetur.

"Yaushe rabonka da babur ɗin Nas?"

"An daɗe, ranka ya daɗe. Lafiyarsa ƙalau na sallame shi. Burki gaba da baya, kamar sabo."

"Na matsa na baya da hannuna ɗazu. Babu komai a cikinsa."

Bakanike ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa.

"To, gaskiya na baya ya cinye. Na ce ta dawo in kayan sun iso. Ta ce aiki ba ya jira, za ta lallaɓa da na gaba."

"Na gaban kuma an yanke shi."

Sufeto ya miƙa masa guntun wayar da ya ciro daga babur ɗin. Bakanike ya juya ta, ya taɓe baki.

"Wallahi ko a buge nake ba zan yi wannan ƙazamin aiki ba. Ina da filaya, cizo ɗaya ne. In ma mugunta nake so, noti zan sassauta, wa zai gane?"

"Wa zai gane," in ji Sufeto, yana kallonsa. Bakanike ya gane ya yi suɓutar baki, ya koma kan notunansa.

Dogo yana zaune a kan benci a tashar masu haya, a bakin layin su Nas. Gajere ne ƙwarai, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Mutanensa sun jera babura a inuwa, kowa ya kwanta a kan nasa.

"Ban taɓa yi mata magana ba," in ji Dogo. "Mace ta hau babur, ta hau jirgi ma, ina ruwana?"

"Mai lemo ta ce a tambaye ka."

"Mai lemo tana da dogon baki."

"Saje, kawo ankwa. Ya ƙarasa tunawa a ofis."

"Haba Yallaɓai, abin bai kai nan ba. Nasiha na yi mata. Matan layin nan sun daina hawa namu, sai su tsaya jiran ta, ta ɗauki wannan yau, ta ɗauki waccan gobe. Wai mu muna taka burki da gangan don su faɗo a bayanmu." Wani daga cikin na kwance ya yi dariya. "Sai na je har ƙofar gidansu na ce mata titi ba ɗakin mata ba ne. Na ce wata rana sai an kwashe ta a kwalbati."

"Ga shi an kwashe ta."

"Baki ne kawai, ranka ya daɗe. Ta ina zan taɓa babur ɗin? A cikin falo yake kwana, kusa da keken ɗinkin tsohuwarta, ƙofa a kulle. A asibiti kuma gaban mai gadi take ajiye shi."

"Wa ya ji lokacin da ka yi nasihar?"

"Tsohuwar tana tsaye a bakin ƙofa. Ita ma ba ta ce na yi ƙarya ba."

Sufeto ya so ƙwarai a ce Dogo ne. Ya tsaya yana kallon gajerun ƙafafun nan suna lilo a iska, ya rasa dokar da zai kama su da ita.

Gidan su Nas ɗaki biyu ne da falo. Ƙanwar Nas ce ta buɗe musu, idanunta sun kumbura. A tsakiyar falon akwai wani baƙin tabo na mai a kan siminti, inda babur ke kwana. An share ko'ina, an bar tabon.

Uwar tana zaune a bayan keken ɗinki, yadi a shimfiɗe a kan tebur.

"Sannu, Mama. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi za a ce, ɗana. Na je, sun ce in dawo gida, ba a barin kowa ya shiga. Sai na ce bari in kama aiki, zama haka nan ba ya yi mini."

"Wa ke shiga falon nan bayan ku uku?"

"Masu kawo ɗinki. Da rana, babur ba ya nan."

"Jiya fa?"

"Jiya ba ta da aiki. Ya wuni a nan."

"Kin taɓa shi?"

"Ni? Ko ƙura ba na goge masa. Tsoronsa nake ji."

"Me ya sa ta saye shi, alhali ga motar haya?"

Ƙanwar ce ta amsa. "Yaya ta gaji ne. A mota a matse ta, a taɓa ta, in ta yi magana a ce ba ta da kunya. Akwai ranar da wani direba ya sauke kowa ya wuce da ita, sai da ta buɗe ƙofa ta diro. Mun kai ƙara ofishinku. Aka tambaye ta wace riga ta sa."

Saje ya gyara tsayuwa.

Uwar ta ɗauki ɗan alli shuɗi, ta ja layi a kan yadin. Sannan ta ɗauko babban almakashi ta fara yanka. Almakashin ya ƙi ci. Ya kama yadin yana taunawa, zare na fita. Ta ajiye shi da sauri, ta jawo wani ƙarami.

"Mama, ba ni babban nan in gani."

Ba ta miƙa ba, ba ta kuma hana ba. Sufeto ya ɗauka ya ɗaga shi wajen taga. Bakinsa ya yi giɓi-giɓi kamar haƙoran tsoho.

"Tela ba ya yanka sai ya ja layi, ko ba haka ba, Mama?"

Ta daɗe tana kallon allin da ke hannunta.

"Ka ga wannan igiyar?" Ta taɓa bel ɗin keken ɗinkinta. "In ta tsinke, ko ka taka har gobe, keke ba ya motsi. Na ɗauka babur ma haka yake. Na ce in na yanke masa igiya ɗaya, da safe zai ƙi tashi, ta zauna a gida kwana biyu, har mutanen nan su huce."

"Inna," in ji ƙanwar a hankali.

"Tun ranar da mutumin nan ya zo ƙofa ban yi barcin kirki ba. Na roƙe ta, ta ce in ta ajiye babur, me za ta hau? Jiya tana wanka na zagaya shi, na zaɓi igiyar da ta fi siriri, don kar gyara ya yi mata wuya. Na sa alama. Da asuba na zo da almakashi. Ashe ƙarfe ne a ciki. Na yi, na yi, ya ƙi yankuwa duka. Na ce to, Allah bai nufa ba, na bari."

"Da ta fito fa?"

"Ta tayar da shi, ya tashi. Na ce ashe ban yi masa komai ba. Har na ji kunya, na ji daɗi ma da ba ta lura ba. Na raka ta ƙofa na ce Allah ya tsare."

A waje ana jin masu haya suna wasa da hon.

"Ɗana, likita ya gaya maka abin da bai gaya mini ba. Za ta sake hawa?"

"Ko tsayuwa, Mama, sai abin da Allah ya yi."

"Kwana biyu kawai na so ta zauna."

Ta rufe keken da ƙyalle, ta naɗe yadin mutane ta ajiye a gefe, ta gaya wa ƙaramar 'yarta sunan mai shi da ranar da za ta zo karɓa. Saje ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Sufeto ya girgiza masa kai. Ta yafa mayafi, ta bi su da ƙafarta har mota.

Masu haya sun tashi zaune a kan baburansu suna kallo. Dogo ya miƙe a kan benci don ya gani da kyau.

Ƙanwar ta fito da kular abinci da zanen gado a hannu. Asibitin yana hayin gada, kuma babu wanda ya rage da zai kwana wajen Nas sai ita. Ta dubi baburan, ta dubi titi.

"Shigo," in ji Sufeto. "Mu sauke ki a asibiti kafin mu wuce."

Ta shiga ta zauna kusa da uwarta, ta ɗora kular a cinya.

"Yau ka kai ni, Yallaɓai. Gobe fa?"

Sufeto ya ce wa Saje ya ja mota.