Mutum Arba'in na Ƙarƙashin Barga

Da almuru ne. Gáspár Veresháti da iyalinsa suna shan miyar wake a gidan sarautar kakanninsa, wanda ya dawo hannunsa bayan shekara hamsin, sai dutse ya fasa taga ya faɗa cikin tukunya. Jiƙaƙƙe ne, yana warin lakar tafkin gidan. Aka leƙa, babu kowa.

Kwana tara ana jifa. Da rana ta faɗi sai a ji maza suna tari a barga, alhali ko doki babu a ciki; ita ce Gáspár yake shirin mayarwa wurin ajiye motocin baƙi masu zuwa kallon gidan. Gáspár ya zagi mutanen ƙauye, ya ce hassada ce. A rana ta goma 'yarsa Réka ta tashi daga kan abinci, ta bi hotunan kakanninsu tana tofa musu yawu.

Uwarta ta ɗauko Inna Borbála, tsohuwar da ta gaji littattafan magani daga mahaifinta. Tsohuwar ta turara ganye, ta daɗe tana karatu, sannan ta dubi Réka ta ce, "Kai wane ne?"

Muryar ƙato ta fito daga bakin yarinyar. "Tambayi ranka-ya-daɗe. Wa ya haƙa tafkin da yake nuna wa baƙi?"

"Kakana!" in ji Gáspár.

"Ƙarya kake! Kakanka ko shebur bai taɓa riƙewa ba. Mutum arba'in zazzaɓi ya kashe a cikin lakar nan, ya sa aka tura su rami ɗaya, ya ɗora barga a kansu. Ni nake zaune da su. Yanzu kuma za ka zuba musu siminti don motocin baƙi? Ku bar gidan, ko in tafi da ita."

"Yarinyar ba ta binne kowa ba," in ji Borbála. "Gida ba za ka samu ba. Nemi wani abu."



"A rushe bargar. Da hannunsa," in ji muryar.

Gáspár ya buga ƙafa. "Ni? Jikan Veresháti?"

Matarsa ta miƙo masa guduma. "Karɓi, ko in fara da kanka."

Wata guda yana rushewa, mutanen ƙauye suna tsaye, babu mai taya shi. Ranar da ƙasusuwan farko suka bayyana, Réka ta yi atishawa sau uku, ta dawo hayyacinta tana neman ruwa. Da aka ba ta labari, ta tattara kayanta ta koma birni. Har yau da sunan dangin uwarta take sa hannu.